Tirelar da Yayana Ya Ɗaura wa A-kori-kura

Na daɗe ina jan tirelar mutane tsakanin Kano da Ikko kafin in gaji. Hanya ba ta taɓa isata ba, dawowa gida ne ya ishe ni. In zo in tarar yarana sun ƙara tsawo, su gaishe ni a ɗarare kamar baƙon da ya zo karɓar haraji. Shi ya sa a shekarun da aka dawo mulkin farar hula, ana ta zancen Shari'a a kowace rediyo, na tattara ɗan abin da na tara, yayana ya sayar da shanun huɗar gidanmu ya cika, muka sayi a-kori-kura 'yar Kwatano. Shawarar ita ce in zauna a ƙauyenmu kusa da Fammar, in riƙa kai amfanin gona kasuwar Kibiya da ta Rano, in kwana a ɗakina. Iyakar burina ke nan.

Motar ta tsufa, amma tana da mutunci. In ka ɗora mata abin da ya dace da ita, za ta kai ka ta dawo da kai ba gardama. Damina guda da kaka guda muka yi lafiya. Na yi sallar Idi a gida, na ga fitar haƙorin ɗana, har mai ɗakina ta fara ƙorafin na cika zama a tsakar gida ina sa mata ido a girki.

Sai siyasa ta shiga kan Yaya. Wasu suka hure masa kunne wai ya dace da kansila. Tun daga nan ya daina ganin motar a matsayin abin neman abinci, ta zama abin neman jama'a. Damuwarsa ɗaya, bodinta ya yi kaɗan, ranar kasuwa sai an bar kayan wasu a ƙasa, kuma duk wanda aka bar wa buhu ƙuri'a ce ta tafi.

Na je ta'aziyya dangin mai ɗakina na kwana biyu, na dawo na tarar da abin mamaki a ƙofar gida. Yaya ya sayo tsohuwar tirelar tarakta wajen wani Alhaji a Zinyau, ya kai ta wurin mai walda a Rano. An yanke mata hannun ja, an ƙera mata dogon wuya mai lanƙwasa, an kafa farantin ƙarfe da ƙatuwar ƙusa a tsakiyar bodin motarmu, aka zaunar da wuyan a kai. Wai irin na manyan motoci. Ni da na tsufa a kan tirela ba wanda ya tambaye ni. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

Na zagaya ta ina dubawa. Babu kaya a kanta, amma bayan motar har ya ɗan zauna.

"Yaya, wannan ta fi ƙarfin motar nan," na ce masa. "Ita kanta tirelar, ba komai a cikinta, ta kusa cinye abin da motar za ta iya ja. Ga shi ba ta da birki nata."

Na buɗe ƙofar direba na nuna masa ɗan ƙarfen da masu ƙera motar suka manna, inda suka rubuta nauyin da za ta ɗauka. Ko sunkuyawa bai yi ba.

"Wannan don hanyar Turawa suka rubuta," in ji shi. "Ka tayar mu gani. Sa ma ba a saninsa sai an ɗaura masa karkiya."

Na tayar. A filin makarantar firamare, ƙasa a shimfiɗe kamar faifai, ta ja mana. Yara suka bi mu da gudu, Yaya ya dube ni yana murmushi.

"To direban Ikko, ta ja ko ba ta ja ba?"

Na ce masa ja ba shi ne magana ba, tsayawa ce. Sa in ya ga gangara da kansa yake tokarewa, mota kuwa abin da ke bayanta ne ke yanke mata hukunci. Ya ce na cika tsoro.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin shi ne tafiyar farko ta yi kyau. Lokacin cirar gyaɗa ne, muka loda gyaɗa mai ɓawo har sama, muka kai Kibiya lafiya lau. Kowa ya san buhun gyaɗa mai ɓawo rabinsa iska ne, mace ma tana ɗaga shi. Amma Yaya buhu ya ƙirga. Ya riƙe adadin a kansa, ya shiga gaya wa mutane a majalisa cewa tirelarsa buhu kaza take ci. Da masara ta bushe aka sussuke, ya ce adadin nan za a loda zuwa Rano.

"Yaya, buhun masara ya ninka na gyaɗa."

"Buhu buhu ne. Ba da shi ake biyan mota ba?"

Gaskiyarsa ta nan, a wajenmu ba wanda ke auna kaya da sikeli. Da buhu ake ciniki, da buhu ake lodi, da buhu ake fitar da zakka. Na rasa yadda zan sa shi ya ga abin da nake gani. Na kai ƙara wajen Inna, mahaifiyarmu, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce babban wa uba ne, kada in kunyata shi a idon gari. Na fito raina a ɓace, don na san ba motar take ji ba, 'ya'yanta take ji.

Ranar kasuwa da safe aka yi lodin. Na tsaya ina kallon sifirin na baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin bodi, yana miƙewa har ya kwanta. Da aka cika adadin Yaya na ɗauka an gama, sai ga maƙwabta. Wannan ya zo da buhu a kan jaki, wancan a baro.

"Ɗan buhu ɗaya ne, Alhaji, ba zai hana ta tafiya ba."

Yaya, Alhajin da bai taɓa zuwa ko filin jirgi ba, sai ya washe baki ya ce a ɗora. Wani dattijo, abokin marigayi babanmu, ya kawo biyu. Wa zai dubi wannan tsohon ya ce a'a? Ni ma ban iya ba, sai na juya baya ina cizon leɓe.

Na ce ba zan ja ba. Yaya ya ce ba komai, akwai wanda zai ja, ya ambaci wani mai tuƙa injin niƙa da ya koyi mota bara. Jin haka na karɓi makullin, don kada ɗan koyo ya ja ta. Abu ɗaya na kafe a kai, ba mutum ko ɗaya a saman kaya. Aka yi ta gunaguni, masu kaya suka bi mu a babura, Yaya a gabansu.

Tun daga fita gari na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Nauyin wuyan ya danne baya, tayoyin gaba suna taɓa ƙasa ne kawai don kunya. Na tafi a giya ta ɗaya da ta biyu, ina salati. Akwai wata gangara kafin a shiga Rano, tsakanin duwatsu, da kwalbati a ƙasanta da 'yar kwana. Na tsaya cak a samanta, na sa giya ta ɗaya, na sake ta a hankali. Rabin farko ta bi ni. Daga nan na ji tirelar ta fara turo mu, injin yana kuka, na taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa, warin ƙuna ya cika motar. Na karya sitiyari don kwanar, gaban ya ƙi juyawa. Tirelar ta naɗo ta gefe, wuyanta ya daki bayan kujerata, muka gangara cikin rafin da ya ƙafe.

Na fito da ƙafafuna, goshina kawai ya fashe. Masara ta malale a cikin yashi. Farantin ƙarfen ya yage bodin kamar tsumma, motar ta karye a tsakiya, gabanta na kallon sama.

Yaya ya iso ya rungume ni yana kuka, kuma na san kukan gaskiya ne. Amma da mutane suka taru aka fara tambayar yadda aka yi, sai na ji ya ce ƙaddara ce, birki ne ya tsinke. Kafin la'asar labarin ya zama direban Ikko bai san gangarar Rano ba. Yaya bai faɗa ba, bai kuma musa ba. Ni kuma ba na iya tsayawa a bainar jama'a in tona yayana, sai na haɗiye maganar har yau.

Bakanike ya duba ya ce ƙashin bayanta ya tafi, giya ma ta tafi, gyaranta ya fi sayen wata. Aka jawo ta gida aka ɗora a kan duwatsu, kaji suka samu wurin ƙwai. Tirelar kuwa ko lotsawa ba ta yi ba. Ba mota, ba shanun huɗa, ga iyali biyu a gida ɗaya.

Bayan an gama girbin dawa na je Kano na nemi tsohon maigidana, ya ba ni wata motar. Mai ɗakina tana da tsohon ciki lokacin. Ta haɗa mini kayana, amma ba ta rako ni zaure ba. Ina layin lodi a bakin ruwa a Ikko aka kira wayar wani abokin aikina aka ce an samu mace. Yaya ne ya yi mata huɗuba, shi ya yanka ragon. Ranar da na fara ganin yarinyar har ta soma tafiya da ƙafarta, na miƙa mata hannu, ta ruga ta ɓuya a bayansa.