Ranar da Mardiya Ta Fassara Magajin Gari

Duk wanda ya saba kunna rediyo da la'asar a Garwa ya san muryar Mardiya Idrisa. 'Yar mahauci ce daga unguwar Yelwa. Ta tashi da Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a makaranta, kuma duka ukun ta iya faɗa da su. Da ta gama karatu wata tasha mai zaman kanta ta ɗauke ta karanta labarai, daga baya aka ba ta fili nata, inda 'yan siyasa ke zuwa su amsa tambayoyin jama'a. Mahauta kan ajiye wuƙa su saurara, direbobin hanyar Pitowa su ƙure murya. Wanda aka gayyata ya ƙi zuwa, sai ta faɗi sunansa, ta ce kujerarsa tana nan tana jira.

Ta fi shekara goma a haka, har daminar da wani aji ya rufta kan yara a wani ƙauye bayan Pitowa. Biyu suka rasu. Ginin bai ko shekara ba, kuma ƙanen Alhaji Usmanu, magajin garin yankin, shi ya yi kwangilar. Mardiya ta hau babur ta je. Ta ɗauki bulo ya marmashe a hannunta kamar ƙuli-ƙuli. Ta zauna da Fiddausi, uwar ɗaya daga cikin yaran, wadda ko kuka ta kasa. Ta dawo zuciyarta na tafasa.

Alhaji Usmanu ya amsa gayyata. Ya zauna gaban makirfo ya zuba Hausa mai daɗi, ƙaddara ce, haƙuri za a yi.

Mardiya ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya duba ginin kafin a zuba yara a ciki?"

Sai ya juye Faransanci, kamar yadda manya suka saba idan an ƙure su, don sun san mutanen ƙauye ba sa ji. Yana murmushi ya ce da ba don shi ba, har yau a gindin bishiya 'ya'yan mutanen nan ke karatu tare da awakinsu, godiya ya kamata su yi.

Mardiya ta dube shi. Sannan ta matsa kusa da makirfo ta mayar da maganar cikin Hausa, kalma bayan kalma, ta sake mayarwa cikin Fulatanci. Alhaji ya tashi ya fice, ko sallama babu.

Kashegari mutanen ƙauyen suka tako da ƙafa zuwa ofishinsa, jandarmomi suka kore su da kulki. Kafin azahar shugaban tashar, Célestin, ya kira ta.

Mardiya ta ce, "Yallaɓai Célestin, ko wasali ban ƙara masa ba."

"Na sani, Madam. Amma daga sama aka kira ni, ana maganar rufe tasha. Ba ke kaɗai ke ci a nan ba."

"To an bar jaki ana dukan taiki ke nan. Shi ya faɗa, ƙanensa ya gina, ni ce mai tada fitina?"

Célestin ya bi umarnin da aka ba shi. Aka karɓe filin, aka mayar da ita karanta sanarwar biki da ta ɓatan akuya. Ɗan kwangila kuwa ko tambayarsa ba a yi ba. Mahaifinta ya ce ta danne zuciya, ta ce, "Baba, na danne har ta fara ƙona ni." Ba ta kai ƙarshen shekara ba ta ajiye aikin.

Yanzu tana garin Guider, a wata ƙaramar rediyon al'umma, tana shirin noma da lafiyar mata, an gindaya mata sharaɗin kada ta taɓa siyasa. Alhaji Usmanu ya sake cin zaɓe. Fiddausi ta cire sauran 'ya'yanta daga makaranta.

Amma ba wannan ya fi cin ran Mardiya ba. Abokan aikinta ne, waɗanda suka yi gum a lokacin, yanzu kuma in sun gamu da ita a tashar mota ko gidan suna sai su ja ta gefe, su rage murya, su ce wallahi ta yi daidai. Ba ta ko murmusa musu. Takan ce, "Kana da makirfo. Je ka faɗa a can."