Jarfar da Inna ta Rufe

A gidanmu na Silver Spring, can ƙasar Turawa, babu murhu, sai hitar ɗumama ɗaki mai ƙara a jikin bango. Nan kakata Inna take shimfiɗa bargo bayan magariba, ta ce tatsuniya ta iso, kowa ya gyara zama.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wani sarkin ƙetare ya kama wata mata 'yar tsibiri, ya hana ta komawa gida. Sai ta sa aka yi mata jarfa a bayan hannuwa, baƙa ƙirin. Da ta miƙo masa shayi ya gani, ƙyama ta kama shi, ya sa aka mayar da ita.

Labarin nan ya sha ɗaure mini kai. Inna 'yar Maraɗi ce, ina ta ga tsibiri? Ga ƙarshensa ba ya zama wuri ɗaya. Yau dangin matar su tarbe ta da guɗa, gobe su ce ta ɓoye hannu kada ta ba su kunya. Na taɓa tambayarta wanne ne gaskiya.

"Ke kin cika bin diddigi," ta ce. "Duka biyun."

Sai da na girma na gano tushensa. Wata tsohuwa da ke zaune a hawan da ke ƙasan namu 'yar tsibirin Okinawa ce. A ɗakin wanki ta hango jarfar hannun Inna, ta hawo mana da hoton kakarta, yatsu duk zanen kibiya. Hukumar ƙasarsu ta haramta zanen, kakar ta mutu tana ɓoye hannu. Yadda tsohuwar da Inna suka fahimci juna har ta ba ta labarin, Allah kaɗai ya sani, don Turancin Inna bai wuce gaisuwa ba. Ita ma tun da ta dawo daga Hajji take jan mayafi ta rufe tata jarfar, tana istigfari. Har ta rasu ban gane ko alfahari take koya mana ko kunya ba.

Bana jikar tsohuwar ta je Okinawa aka yi mata zanen, 'yan matansu sun farfaɗo da shi. 'Yata Hanan ta gani, ta kafe ita ma irin na Inna take so. Na ce addini ya hana, amma zan zana mata da lalle.

Na ɗauki lallen, hannuna ya tsaya. Na manta zanen Inna, kuma babu hotonta ko ɗaya da hannun yake a buɗe. Abin da ya fito a yatsun Hanan kibiyoyin wancan hoton ne.

"Mama, shi ne nata?"

Na jawo ɗaya hannun nata na ci gaba da zana kibiyoyin.