Tumbin Baba

Bayan mun gudo daga Gidan Goga zuwa Talata Mafara, Baba ba shi da aiki sai zama a ƙofar gida. Cikin shekara uku ya ajiye tumbi, maƙwabta suna yi masa barka, wai gari ya karɓe shi. Har ni na yi murna. Da numfashi ya fara gagararsa, likita ya ce kitsen cikin nan kumburi yake haddasawa, yana lalata jijiyoyin zuciya, dole ya riƙa motsa jiki. Baba ya ce, "Ɗiyata, motsina noma ne, gonata kuwa tana hannun ɓarayin daji." Kafin damina zuciyarsa ta tsaya yana alwala.