Gwangwanayen Rahila

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar matata Rahila, amma har yau in na ga gwangwani yashe a hanya sai na sunkuya na ɗauka. Jikokina suna yi mini dariya. Ba su san gwangwani ne ya sa aka haife su a nan ba.

A shekarar babban fari, zamanin mulkin soja, gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba a ƙauyenmu na gundumar Sarkin Hausa, a Nijar. Kamiyo, babbar motar kaya, kan kawo taimako daga garin Mayahi, mai da madara cikin gwangwanaye, a cinye a jefar. Mu Kirista gida shida ne, majami'armu ta zana ce, gida biyu kuma sun riga sun yi kudu. Ni ma na ɗaure kaya. Ina mafarkin kai amaryata birni, inda fitila ba ta mutuwa, in ga haskenta a fuskarta.

Rahila ta ƙi. Ran Lahadi ta miƙe a majami'a ta ce ƙasa amana ce Ubangiji ya ba mu, ba a barin amana tana ciwo a gudu. Ta ja matan majami'a suka bi juji suna tsince gwangwanaye, a huda gindi da ƙusa, a cika da ƙasa, a shuka ƙwayar gawo, a ba ta ruwan wanke-wanke.

"Maigida, ba ni wata guda," in ji ta. "In ba su tsiro ba, ni zan naɗe tabarma in shige gaba."

Sati uku, ko ɗaya bai fito ba. Mun ɓare ƙwayar da hannu, mun wanke ta tas, mun yi addu'a a kanta, a ganinmu gata muka yi mata. Sai Inna Hajo, maƙwabciyarmu Musulma mai awaki, ta leƙo ta kan darni.

"Ɗiyata, mi kuke kiwo cikin gwangwani?"

"Gawo, Inna."

Tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai, ƴan lakwal, masu boko! Wa ya taɓa ganin gawo ya tsiro bai bi ta cikin akuya ba? Zo ki share mini turke, ki rage mini aiki."

Haka matan majami'a suka duƙa a turken Inna Hajo suna tsintar ƙwaya cikin kashin awaki, suka sake shuka.

Wata ya cika, babu tsiro. Rahila ta cika alkawari: ta naɗe tabarma ta jingine a bakin ƙofa, ba ta ko dube ni ba. Na daɗe ina kallon wuyanta da fari ya ramar. Sai na ɗauki tabarmar na shimfiɗa, na zauna, na ce ƙafata ke ciwo. Kwana huɗu ƙafar nan tana ciwo. A na biyar, ganye biyu ƙanana kamar girarta suka ɗago ƙasa a cikin gwangwani.

Yau kuma muna cikin wani mulkin soja, damina na zuwa da wasa, leda ta rufe karkara tana kashe awaki. Ina tambayar kaina me Rahila za ta ce. Na san za ta yi faɗa. Amma da ta ga matasan majami'armu da na masallaci suna fita ran Asabar da amalanke, suna tsintar leda, suna yanka tsofaffin bido, jarkokin roba, suna renon itace a ciki, na tabbata murmushi za ta ɓoye cikin mayafi.

Ba duka gawonta suka rayu ba. Waɗanda suka rayu suna tsaye a gonakin Kirista da Musulmi, gero ya fi kyau a ƙarƙashinsu, awakin jikokin Inna Hajo na cin ƴaƴansu suna shuka wasu. Ban kai ta birni ba. A inuwar ɗayansu nake rubuta wannan, bisa tabarma, ƙafata kuma har yau ba ta warke ba.