Tukunyar Umara Mai Rediyo

Duk wanda ya girma a Haɗejiya ya san Umara mai gyaran rediyo, mutumin da ya tsufa yana gadin tukunyar da ko wake ba ta taɓa dafa wa kowa ba.

Tun gemunsa na baƙi wani malamin makaranta ya kawo masa gyaran kwamfuta, irin ta da can da ake jona wa talabijin. Aka sauya wa malamin gari, bai waiwayo ba. Wasa ɗaya ne a cikinta, na tashar nukiliya mai ba gari lantarki: tukunya a tsakiyar allo, famfuna suna zuba mata ruwa. Ka yi sake, ta yi ja ta fashe. Gwani shi ne wanda ya lallaɓa ta har ya sauke ta da sanyi. Umara ba ya jin Turanci, da launi ya laƙance ta.

Sai dai duk ranar da ya kusa saukewa, a ɗauke wuta. Janareta kuwa, ya ce da girmansa ba zai ƙona fetur a kan wasa ba.

Matarsa Yakaka takan ce, "Malam mai ba gari wuta, ara mini ashana."

"Yi dariyarki. Ke kin taɓa barin tukunya a murhu kin tafi?"

Shekarar ambaliya, kwamfutar ya ɗora a ka, takalmansa suka bi ruwa.

Daga baya yanar ido ta fara rufe masa gani, ja da kore suka soma zame masa ɗaya. Ya rage magana. Yakaka bakinta ne reza, amma ta gane: mutumin nan yana tsoron ya makance bai sauke ba.

Ta hau acaɓa har Auyo wurin ƙanenta Munzali, ta ce ya kwanto sola da batirin da yake ban-ruwa da su.

"Yaya, shinkafata fa?"

"Ƙishin yini ɗaya bai taɓa kashe shinkafa ba. Ɗauko."

Da hantsi aka jona a tsakar gida. Umara ya manna fuska a allo yana rage wuta, yana buɗe famfo. Yakaka da ta sha rantsuwar ba za ta kalli shirmen ba, ita ce a gefe tana faɗa masa launi.

"Ja ne. Ya fara dusashewa. To, kore."

Ya jingina da bango, ya yi hamdala.

"Ka sauke?"

"Na sauke."

"To zo ka ci tuwo. Shi ya riga taka hucewa."

Ya lulluɓe kwamfutar da tsohon zanen Yakaka, bai ƙara kunna ta ba.