Zomanyar Da Na Kusa Sa Wa Wuƙa

Shekarar da aka maida ni koyarwa wata lekol, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi na fara kiwon zomaye, mace da namiji, cikin wani ɗan akurkin laka bayan ɗaki. Ni kuwa cikin awaki na tashi a Matankari. Akuya in ta haihu sai ta lashe ɗanta, ta yini tana kuka in ya yi nisa. A wurina haka uwa take.

To, zomanyar nan ta haƙa rami, ta haihu, ta toshe bakin ramin da ƙasa, ta koma gefe tana cin harawa abinta. Na tona na leƙa: ƴaƴa shida jajaye, ba gashi, idanu rufe. Ita kuwa ko kallo ba su ishe ta ba. Ga ƙirjinta a tsige, na ɗauka ƙazuwa ce. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai na yi mata abin da muke yi wa akuyar da ta ƙi ɗanta. Na kama ta, na danne, na liƙa mata ƴaƴan. Wayyo ni! Ta yi ta shure-shure, ta yakushe mani hannu, ta take guda ya mutu. Nan na rantse ran Juma'a sai maigida ya yanka ta, sauran biyar in ba su madarar akuya da cokali.

Ran Alhamis Inna, mahaifiyata, ta zo daga ƙauye awon ido. Na ba ta labari ina kumfar baki. Ta duƙa, ta goga hannunta da ƙasar akurkin don ɓad da warin mutum, ta ɗago ɗa guda.

"Ke mai boko, dubi cikin nan. Wa ya cika shi, iska?"

Cikin ya yi fam, har farin nono ake gani ta fata.

"Gashin da suke kwance ciki fa? Daga ƙirjinta ta tsige ta yi masu shimfiɗa."

Washegari bayan sallar asuba ta zaunar da ni nesa, ta ce in kama bakina. Sai ga zomanya ta waiga hagu da dama, ta tone ramin, ta shige. Kafin Inna ta gama jan tasbaharta zomanyar ta fito, ta maida ƙasar, ta daddaɓe da ƙafafu, ta koma kan harawarta. Inna ta ce nononta kauri gare shi, in sun sha sau ɗaya ya kai su gobe, kuma nisan da take yi don kada muzuru ya bi warinta ya same su ne. Wallahi zomanyar ta burge ni, kunya kuma ta rufe ni.

"Ke ma da kina ƙarama gona nake yini," in ji Inna, tana gyara mayafi. "Sau nawa kike ganina?"

Wannan yinin gonar na daɗe ina riƙe da shi a raina, ban taɓa gaya mata ba.

Da hantsi maigida ya fito yana wasa wuƙa, yana tambayar ina naman Juma'ar.

Na ce, "Malam, maida wuƙarka. Ɗan da ya mutu ni na kashe shi, ba ita ba."