Kiran Suna Kafin Hayaƙi

Hawwa, 'yar ƙanen babanmu, ce ta kawo mini ɗan abin nan da ake cusawa a soket ɗin bango. Bai kai tafin hannu ba, da 'yar kwalba a gindinsa. Da an kunna sai jan idonsa ya kama, ruwan ya riƙa tashi a hankali, ɗaki ya ɗauki ƙamshin lemo, sauro su yi ta zubewa. Ba garwashi, ba toka, ba hayaƙi. Jikokina a nan Gwadabawa sun ce ci gaba ne. To, madalla. Ni dai ban cika yarda da abin da ke kisa shiru ba. Duk ranar da za a kunna shi a ja ƙofa sai na tsaya na kira sunan kowa, su kuma su yi ta ƙyaƙyata dariya, wai tsohuwa ta fara ruɗewa. Su yi ta yi, ai ba su san Maama ba.

Maama kakata ce, mahaifiyar babanmu, a gidanta na Mbamba na tashi, zamanin da Yola ke ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas. Da damina, in Binuwai ya cika ya malala cikin fadama, sauron Mbamba ba cizo yake ba, yanka yake. Maganinmu ɗaya ne: kasko. Ana idar da magariba Maama za ta zuba garwashi, ta ɗora busasshen kashin shanu da ɗanyen ganyen darbejiya, hayaƙi ya turnuƙe. Sai a kai kaskon ɗaki, a ja ƙyaure, kowa ya dawo tsakar gida ya zauna gaban murhu har hayaƙin ya gama aikinsa. Wannan jiran shi ne lokacin tatsuniya.

Amma ba a jan ƙyaure sai an yi kiran suna. Maama za ta tsaya bakin ƙofa da kasko a hannu, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa daga waje. Hausarta ba ta san mace da namiji ba, Fulatanci ne harshenta, don haka kowa "kai" ne a wurinta.

"Kai Asta, kurma ne kai? Ka amsa mana!"

Ni kuma in ce, "Na'am, Maama."

Jaririn da bai iya amsawa ba sai an miƙo shi ta dafa kansa. Takan ce wanda ba shi da baki, hannu ke amsa masa. Ko ka rantse mata da Allah ɗaki babu kowa, ba ta ji.

Tatsuniyarta kuwa ba ta buɗe ta kamar sauran tsofaffi. Cewa take, "Ga ta nan tafe da ƙafa ɗaya." Mu ce, "Ta ƙaraso mu ara mata ta biyu." Akwai wadda muke so kuma muke tsoro, ta Ci-da-Ƙarfi.

Wai a bakin kogi aka yi wani ƙato mai wannan suna. Kada ya taɓa kama masa ƙafa, ya riƙe muƙamuƙinsa ya yage shi gida biyu. Dorina ta kife masa kwalekwale, ya bi ta ƙarƙashin ruwa ya karya mata wuya. Maza sun sallama masa, namun daji sun sallama, saura Sauro. Kullum Sauro sai ya zo kunnensa, Maama ta matse hanci ta yi muryarsa:

"Ƙato, ƙato, ina ƙarfin naka?
Na sha na ƙoshi, gobe ma ina tafe."

Ci-da-Ƙarfi ya mari kunnensa har jini ya ɓalle. Ya kai wa Sauro gatari, ya sare ƙafar jakinsa. Rannan ya ga Sauro ya shige ɗakinsa, sai ya ce yau ƙaryarka ta ƙare. Ya cika tukunya da wuta da barkono ya jefa ciki, ya liƙe ƙofa da laka, ya zauna da mashi. Ƙanensa ya sheƙo a guje yana cewa uwarmu na ciki, 'ya'yanka na ciki. Ci-da-Ƙarfi ya soke ƙanen da mashin, ya ce Sauro ne ya aiko ka. Aka fara bugun ƙofa daga ciki, ana kuka, ana kiran sunansa. Ya tuntsire da dariya ya ce, yau kai ke roƙo! Da kuka ya ɗauke ya fasa ƙofar. Ga uwarsa, ga 'ya'yansa jibge bakin ƙofa, faratansu sun kakkarye wajen yaƙushin laka. Yana tsaye yana kallo, sai ya ji waƙar nan a kunnensa. Ashe Sauro bai taɓa shiga ɗakin ba, tun farko a ƙeyarsa yake zaune.

Nan Maama kan tofar da goro ta ce, "Ƙurunƙus, na wurga ta Binuwai, mai so ya yi iyo." Mu kuwa mu kwana muna shafa ƙeya.

Shekarar da yaƙin basasa ya ƙare, Bappa Hammadu, ƙanen babanmu, ya dawo daga soja. Mutumin da ya tafi yana ɗaukar mu a wuya, ya dawo ba ya kallon idon kowa. Ba ya barci. Ƙarar sauro kawai ta isa ta zabura shi, ya riƙa marin fuskarsa har ta kumbura, ya yayyaga gidan sauro da wuƙa. An yi rubutu, an yi tofi, shiru. Matarsa Mairo ta haifi Hawwa a shekarar da ta biyo baya, muka ce ko 'yar za ta sanyaya shi. Ta ɗan sanyaya shi da rana. Sai na lura Maama ta daina yi mana sauran tatsuniyoyi, kullum Ci-da-Ƙarfi, kuma da ƙarfi take yi, fuskarta na kallon zaure inda Bappa ke zama. A lokacin haushi nake ji, ina cewa tsohuwar nan ta manta da sauran ne.

Ranar da abin ya faru an wuni ana ruwa, sauro suka fito tun rana ba ta faɗi ba. Babanmu bai dawo daga aiki a Jimeta ba, in ka cire Bappa, gidan daga mata sai yara. Mairo ta shimfiɗe Hawwa a ɗakinta bayan gado, ta lulluɓe ta da zane, ta fita maƙwabta karɓo gishiri. Maama na kan sallaya. Kaskon na gefen murhu, an zuba garwashi ana jira ta sallame.

Sai ga Bappa ya fito daga zaure, kuncinsa duk jini, ya yaƙushe kansa. Ya sunkuci kaskon, ya juye masa barkonon da ke kan faifai, ya shige ɗakin Mairo ya dire, ya fito ya ja ƙyaure. Ya tuɓe rigarsa ya cusa a ƙasan ƙofa. Sannan ya zaro laujen da ake yankan ciyawar shanu da shi, ya tsaya. Ba a kira sunan kowa ba.

Tari ya fara kama mu tun daga tsakar gida. Mairo ta shigo, ta ga ƙofa, ta ga hayaƙi na tsiyaya ta jikin jinka, ta saki gishirin ta ƙwalla ihu.

"Hawwa! Hawwa na ciki! Don girman Allah, Malam, buɗe!"

Ta ruga ƙofar. Ya hankaɗe ta da hannu ɗaya, ta faɗa kan turmi, bakinta ya fashe. Ta sake tasowa, ya ɗaga lauje, ta durƙushe tana birgima cikin caɓi. A nan muka ji kukan Hawwa, siriri, yana yankewa yana dawowa. Bappa ya karkata kai yana saurare, ya ce, "Kun ji su? Haka suke yi. Ba mai fita. Yau ba mai fita."

Maama ta miƙe daga sallaya. Ba ta yi gudu ba, ƙafafunta ba na gudu ba ne. Ta tako har gabansa, 'yar tsohuwa da kanta bai wuce ƙirjinsa ba.

"Hammadu, matsa."

"Koma, Dada. Zan sare ki."

"To sare. Ni na haife ka, jinin nan naka ne, ba baƙo ba ne a wurinka."

Ta kai hannun hagu ta damƙe bakin laujen. Ya fizga. Na ga jini ya yi tsartuwa a jikin ƙyaure, na ga wani abu ya faɗi ƙasa, sai daga baya na gane yatsunta ne guda biyu. Ganin jinin ne ya sandarar da shi, laujen ya suɓuce. Ta bangaje ƙyauren da kafaɗa, hayaƙi ya yo waje kamar baƙin hadari, ta sunkuya ta shige. Kukan ya riga ya ɗauke.

Ban san tsawon lokacin da ta yi a ciki ba. Da rarrafe ta fito, idanunta a rufe, ta rungumo 'yar da hannun dama. Hawwa ta saki jiki, leɓenta ya yi duhu. Maama ta kife ta a cinya ta riƙa bubbuga bayanta, ta hura mata baki, ta ce in sheƙa ruwa. Na sheƙa. Jinin hannunta ya ɓata 'yar tun daga kai har ƙafa. Mairo na salati, mu muna kuka. Can sai Hawwa ta shaƙe, ta yi wani irin tari, ta amayar, ta fasa kuka da murya a dishe. Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

Bappa kuwa ya koma jikin bango yana gwara goshinsa da gini, gum, gum, har fatar ta tsage. Maƙwabta sun cika gidan, ba mai iya matsawa kusa da shi. Aka ɗaure wa Maama hannu da gefen zane, ana cewa a nemi mota a kai ta asibiti. Ta ce a dakata, ba a yi kiran suna ba. Mutane suka ɗauka zafin ciwo ne ya taɓa ta.

Ta kira ni, na amsa. Ta kira ƙannena, ta kira Mairo. Ta dafa kan Hawwa. Sannan ta juya wajen bango.

"Hammadu."

Gum.

"Hammadu!"

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Hammadu, ba na jan ƙofa sai ka amsa. Fito, ɗana."

Ya sulale ƙasa, ya rarrafo ya kifa fuskarsa a ƙafarta. Da ƙyar muka ji ya ce, "Na'am, Dada."

Bappa bai warke sarai ba har ya koma ga Allah, amma bai ƙara ɗaga hannu a kan kowa ba. Hawwa ta rayu, yanzu ita ma da jikokinta, sai dai muryarta ba ta taɓa washewa ba, kuma ko hayaƙin turare ba ta iya shaƙa. Shi ya sa take bin gidajenmu tana raba mana abin soket ɗin nan.

Da ina yarinya na ɗauka kiran suna don jarirai ne, kada a manta da su bayan gado. Sai da na girma, na binne mutane, na ga masu zama cikin jama'a alhali ransu na kulle wani wuri yana ƙuna, sannan na gane abin da Maama ta yi a daren nan. Mu duka mun ga Bappa tsaye a waje. Ita kaɗai ta san tun da ya dawo daga yaƙi a cikin hayaƙi yake, kuma ba wanda ya kira shi.

Jiya ma jikata ta ce, "Kaka, wannan fa ba ya hayaƙi, ba abin da zai yi wa kowa." Na ce na sani. Na kira su duka suka amsa suna dariya, sai babban cikinsu, wanda kwanan nan ya daina magana da kowa, yana can lungu ya haɗa kai da gwiwa. Na bar ƙofar a buɗe, na je na dafa kansa.